Alkawari Kaya Ne: Abin da Baibul Ya Faɗa Kan Zaɓar Bani Isra'ila

A watan Afrilun 2019, jakadan Isra'ila a Majalisar Ɗinkin Duniya, Danny Danon, ya ɗaga Baibul a zauren Kwamitin Tsaro, ya karanta alkawarin da littafin ya ce Allah Ya yi wa Annabi Ibrahim, sannan ya shaida wa duniya cewa takardar mallakar ƙasarsu ke nan. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023 kuwa, batun “zaɓaɓɓiyar al'umma” ya sake cika majalisunmu da gidajen rediyo da shafukan Facebook. Wasu na ganin duk wanda ya soki gwamnatin Isra'ila ya ja da hukuncin Allah. Wasu kuma na ganin wannan aƙida ita ce tushen girman kan Yahudawa tun fil azal, har suna haɗa kowane Bayahude su yi masa kuɗin goro. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne ƙarancin komawa ga littafin da ake ta jayayya a kansa, alhali cikakkiyar fassararsa ta Hausa tana nan tun 1932.

Ba wa'azi na zo yi ba a wannan mako. Musulmi yana da aƙidarsa game da wannan littafi, Kirista yana da tasa, Bayahude ma haka, kuma babu wanda zan roƙa ya sauka daga kan tasa. Aikin ɗalibin adabi zan yi, wato in bi labarin kamar yadda aka tsara shi, in ga wa ya yi magana, me aka ɗauki alkawarinsa, kuma a bisa wane sharaɗi. Abin da na fahimta shi ne, a cikin labarin Baibul zaɓi nauyi ne da aka ɗora wa mutane, kuma littafin da kansa ya fi kowa tsananta wa wanda ya mayar da zaɓin nan lasisin yin abin da ya ga dama.

Mu fara da magana, domin da ita littafin ya fara. A babin farko na Littafin Farawa babu yaƙin alloli irin wanda ake samu a tatsuniyoyin halitta na Babila. Allah Yana umarni ne kawai, abu ya kasance. Malaman Yahudawa na farko sun ƙirga maganganu goma da aka halicci duniya da su. A Ibrananci, kalmar “dabar” tana nufin magana, tana kuma nufin al'amari ko abin da ya faru, kusan yadda Bahaushe zai ce “wata magana ta taso” alhali lamari yake nufi. Dokoki goma da aka sani ma, sunansu a nassin Ibrananci “maganganu goma”. Saboda haka duk inda Allah Ya yi magana a wannan labari, wani abu ya riga ya ƙullu. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A kan wannan fahimta aka gina sauran labarin baki ɗaya: a yi alkawari, a jinkirta cikarsa, a jarraba wanda aka yi wa.

Abin lura na farko shi ne, alkawarin farko da littafin ya ambata da sunan alkawari ba da Isra'ila aka yi shi ba. Da Annabi Nuhu aka yi, kuma bayan ruwan ɗufana, a babi na 9, aka tabbatar da shi ga zuriyarsa duka da kowane mai rai, aka sa bakan gizo ya zama alamarsa. A nan ne aka haramta zubar da jinin ɗan Adam, kowane ɗan Adam. Sai da aka kammala babi goma sha ɗaya ana ba da labarin duniya gaba ɗaya, har zuwa hasumiyar Babila da rarrabuwar harsuna, sannan labarin ya taƙaita a kan mutum ɗaya.

A babi na 12 aka kira Annabi Ibrahim, yana ɗan shekara 75, aka umarce shi ya bar Haran da danginsa ya nufi ƙasar da za a nuna masa. An yi masa alkawarin zuriya da ƙasa da albarka. Nassin bai kawo dalilin zaɓarsa ba a wannan wuri, bai lissafa wata bajinta da ya yi ba. Amma ya faɗi manufar zaɓin, wato dukan kabilun duniya su sami albarka ta hanyarsa. A babi na 18 aka ƙara fito da ita fili: an zaɓe shi ne domin ya umarci 'ya'yansa da gidansa su riƙe gaskiya da adalci. Nan take kuma labarin ya nuna mana ma'anar hakan a aikace, inda ya tsaya yana roƙon a sassauta wa mutanen Saduma, birnin da ba nasa ba, yana rage adadin salihan da za a ceci garin albarkacinsu daga hamsin har zuwa goma. Aikin farko da aka nuna zaɓaɓɓen yana yi bayan an bayyana manufar zaɓinsa ke nan: neman kada a hallaka marar laifi tare da mai laifi.

Haka kuma labarin bai yi watsi da waɗanda alkawarin bai bi ta kansu ba. Ko da yake Farawa ya ce ta Annabi Ishaku alkawarin zai gudana, ya ce an yi wa Annabi Isma'ila albarka, an ce zai haifi shugabanni goma sha biyu ya zama babbar al'umma, kuma an yi masa kaciya rana ɗaya da mahaifinsa yana ɗan shekara 13. Ma'anar sunansa ma ita ce “Allah Yana ji”. Mahaifiyarsa Hajara, baiwa Bamisiriya, sau biyu mala'ika yana yi mata magana a jeji. Da Annabi Ibrahim ya rasu, 'ya'yan nan biyu ne suka haɗu suka binne shi. Kabarin kuwa yana cikin kogon Makfela, wanda ya saya da shekel 400 na azurfa daga hannun Efron Bahitte lokacin da matarsa Saratu ta rasu. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasar gaba ɗaya, da ya buƙaci wurin binne matarsa, sai ya kira kansa baƙo a gaban masu gari, ya yi ciniki a bainar jama'a, ya auna kuɗi ya biya. Bai ɗauki alkawarin Allah a matsayin izinin ƙwace gonar kowa ba.

Kalmar da ake fassarawa da alkawari ita ce “berit”, kuma a Ibrananci ba a cewa an ƙulla shi, “yanka” shi ake yi. Asalin wannan yana babi na 15, inda aka tsaga dabbobi biyu biyu aka jera. A al'adar wancan zamani masu yarjejeniya sukan ratsa tsakanin tsagin, ma'ana duk wanda ya saɓa ya zama kamar dabbar nan. A wannan labari barci mai nauyi ne ya kwashe Annabi Ibrahim, sai hayaƙi da harshen wuta suka ratsa, alamar cewa Allah ne Ya ɗauki nauyin cikawa. Wannan shi ne nassin da masu cewa alkawarin ba shi da sharaɗi suka fi dogara da shi, kuma suna da hujja. Sai dai a cikin babin nan ne aka ce zuriyarsa za su yi shekara 400 a baƙunci, domin laifin Amoriyawa mazauna ƙasar bai kai maƙura ba tukuna. Wato tun daga farko an ɗaura zama a ƙasar da halin mazauninta, kuma ma'aunin da aka auna na farko da shi yana nan yana jiran na biyu.

A Dutsen Sina'i ne aka furta sharaɗin ƙarara. A babi na 19 na Littafin Fitowa, kafin a ba da ko doka ɗaya, an gaya wa jama'a cewa idan suka saurara suka kiyaye alkawari, to za su zama keɓaɓɓiyar taska a cikin al'ummai, aka kuma tunatar da su a jimla guda cewa duniya duka ta Allah ce. Da “idan” aka buɗe maganar. Jama'a suka amsa za su yi, aka yayyafa rabin jinin hadaya a kan bagade, saura a kan mutane. Kafin Annabi Musa ya sauko daga kwana arba'in ɗin da ya yi a kan dutse, sun ƙera ɗan maraƙin zinariya. Marubucin da ke son wasa kabilarsa ba zai ajiye irin wannan abin kunya a tsakiyar labarin kafuwarta ba.

Binciken tarihi ya taimaka wajen gane siffar wannan alkawari. A 1954 masani George Mendenhall ya nuna cewa tsarinsa ya yi kama da yarjejeniyoyin da sarakunan Hittiyawa, a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, suke yi da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsu. Babban sarki yakan gabatar da kansa, ya tuna alherin da ya yi a baya, ya jera sharuɗɗa, a kira shaidu, a rufe da albarka ga mai cikawa da la'ana ga mai saɓawa. A 1955 kuma aka tono a Nimrud ta ƙasar Iraƙi allunan rantsuwar da Esarhaddon, sarkin Assuriya, ya sa talakawansa da sarakunan da ke bin sa suka yi wa ɗansa a shekara ta 672 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu la'anonin da ke ciki, kamar sama ta zama tagulla ƙasa ta zama ƙarfe, sun yi kama ƙwarai da na babi na 28 na Maimaitawar Shari'a. Masana da yawa na ganin an ɗauki harshen mubaya'ar da daula ke tilasta wa raunana, aka juya shi aka ce Allah kaɗai Ya cancanci irin wannan biyayya. Ko ma yaya aka fassara kamannin, lissafin babin ya isa darasi: aya 14 ta albarka, aya 54 ta la'ana, ƙarshenta kuwa kora daga ƙasar da warwatsuwa cikin al'ummai.

Wannan littafi na Maimaitawar Shari'a shi ya fi kowanne nanata batun zaɓi, kuma shi ya fi toshe ƙofar alfahari. A babi na 7 ya ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. A babi na 9 ya maimaita har sau uku cewa ba don adalcinsu ba ne, ya kira su masu taurin kai. Littafin Firistoci ya ce ƙasar ta Allah ce, su baƙi ne a cikinta, don haka ba a sayar da ita har abada. Ya kuma gargaɗe su cewa ƙasar za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da na gabansu idan suka ƙazantar da ita. Umarnin kyautata wa baƙo ya yi ta maimaituwa a Attaura, kuma dalili ɗaya ake yawan kawowa, wato su ma sun ɗanɗani baƙunci a Masar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Tarihin sarakuna da annabawa da ya biyo baya tamkar zaman kotu ne a kan wannan yarjejeniya. Da Ahab, sarkin Isra'ila, ya yi kwaɗayin gonar inabin wani talaka mai suna Nabot, matarsa Yezebel ta shirya shaidun zur aka kashe shi, sai Annabi Iliya ya tare sarkin a cikin gonar ya sanar da shi ƙarshen gidansa. Amos, makiyayi daga Tekowa a ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki maganar da jama'a ke taƙama da ita ya kifar da ita: tunda su kaɗai aka sani a cikin kabilun duniya, saboda haka ne za a hukunta su a kan laifuffukansu. A babinsa na ƙarshe ya daidaita su da mutanen Kush, ya tuna musu cewa wanda Ya fito da su daga Masar Shi ne Ya fito da Filistiyawa daga Kaftor da Aramiyawa daga Kir. Irmiya kuma ya tsaya a ƙofar Haikali ya gaya wa masu ibada kada su ruɗi kansu da cewa ginin zai kare su alhali suna zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa, su je su ga abin da ya sami Shilo. Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa wajen shekara ta 722, Urushalima kuma, wato birnin Ƙudus, ta faɗi a hannun Babila wajen 586. Marubutan ba su ce Allahnsu Ya gaza ba. Cewa suka yi an zartar da sashen la'ana na yarjejeniyar da kakanninsu suka amince da ita.

To ina aka bar alkawarin da ba shi da sharaɗi? Littafin ya riƙe biyun tare bai warware su sarai ba. Alkawarin kakanni shi ke hana a shafe al'ummar gaba ɗaya, shi ke buɗe ƙofar tuba da dawowa, har Irmiya ya yi albishir da sabon alkawari da za a rubuta a zukata. Sharaɗin Sina'i kuma shi ke hana kowane zamani ya ɗauka cewa yana da kariya ko me ya aikata. Wanda ya karanta na farko ya rufe ido ga na biyu ya yanke littafin gida biyu ya jefar da rabi.

Adalci ya wajabta a ambaci nassoshi masu nauyi, domin suna nan. Babin nan na 7 da ya hana alfahari shi ne ya yi umarni a hallaka kabilu bakwai na Kan'ana. Littafin Joshuwa ya ba da labarin garuruwan da aka karkashe mutanensu, Littafin Sama'ila na ɗaya kuma ya kawo umarnin shafe Amalekawa. Babu wata dabarar karatu da za ta mayar da waɗannan ayoyi masu daɗin ji. Abin da za a iya faɗa shi ne, babin farko na Littafin Mahukunta ya jera garuruwa da yawa da Kan'aniyawa suka ci gaba da zama a cikinsu, kuma haƙar da Kathleen Kenyon ta yi a Yariko daga 1952 zuwa 1958 ta sa masana da dama shakkar cewa an ci ƙasar da yaƙi ɗaya kamar yadda Joshuwa ya siffanta. Malaman Yahudawa na farko ma sun yanke cewa Sennakerib na Assuriya ya riga ya cakuɗa al'ummai, ba a iya nuna wani a yau a ce shi ne ɗan wata kabilar da nassi ya ambata. Duk da haka haɗarin bai gushe ba. Da Firaminista Benjamin Netanyahu ya ambaci Amalek a ƙarshen Oktoban 2023, Afirka ta Kudu ta kawo furucin cikin hujjojinta a Kotun Duniya a Janairun 2024, ofishinsa kuma ya ce Hamas yake nufi. Nassi mai kaifi a bakin mai riƙe da makami abin tsoro ne a kowane addini.

Tarihi ya nuna cewa ba Yahudawa kaɗai suka ari wannan riga ba. Turawan Ingila da suka kafa Masacuset a 1630 sun ɗauki kansu masu alkawari da Allah, kuma 'yan asalin ƙasar ne suka biya kuɗin wannan fahimta. Buwa na Afirka ta Kudu sun mayar da bakancen da suka yi kafin yaƙin 16 ga Disamban 1838 da Zulu ya zama ranar hutu ta ƙasa, wasu malamansu kuma suka nemo wa wariyar launin fata hujja a nassi. A ɗaya gefen, bayi baƙar fata a Amurka sun karanta labarin fitowa daga Masar suka ga kansu a ciki, suka sami ƙarfin neman 'yanci. Littafi ɗaya ne, bambancin yana ga ɓangaren da mai karatu ya zaɓa ya ji.

A cikin Yahudawa ma ba a taɓa yin baki ɗaya ba. Theodor Herzl, wanda ya kira taron Sahayoniya na farko a Basel a 1897, ɗan jarida ne da bai damu da ibada ba, kuma malaman addini da yawa sun yi adawa da shi. Abraham Joshua Heschel, wanda ya yi rubutu mai zurfi kan annabawa, ya yi tattaki kafaɗa da kafaɗa da Martin Luther King a Selma a 1965. Yeshayahu Leibowitz, Bayahude mai riƙo da addini, ya yi ta gargaɗi bayan yaƙin 1967 cewa mamaye yankunan Falasɗinawa zai lalata Isra'ila daga ciki. Wanda ya la'anci Yahudawa a dunƙule ya haɗa har da waɗannan, ya kuma aikata irin laifin da yake zargi, wato auna mutum da jininsa.

Mai karatu Musulmi zai ga cewa wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Suratul Baƙara ta ambaci fifikon da aka yi wa Bani Isra'ila, ta haɗa shi da kiran su cika alkawari, ta kuma kawo amsar da aka ba Annabi Ibrahim lokacin da ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, cewa alkawarin ba ya kaiwa ga azzalumai. Mai karatu Kirista kuma, musamman wanda ya saba jin ana ɗora albarkar babi na 12 na Farawa kai tsaye a kan ƙasar da aka kafa a 1948, yana da haƙƙin ya tambayi mai wa'azi: ina aka bar Amos da Irmiya? Idan Iliya ya tuhumi Ahab a kan gona ɗaya bai zama maƙiyin Isra'ila ba, don me tambaya a kan gonakin Yammacin Kogin Jodan da rayukan yaran Gaza za ta zama saɓo?

Rikicin Falasɗinu yana da nasa tarihin na zamani, daga sanarwar Balfo ta 1917 zuwa yau, kuma da dokokin duniya da haƙƙin ɗan Adam za a auna shi, domin su ne ma'aunin da mabiya addinai daban daban za su iya zama a kansa. Amma duk wanda ya kawo Baibul a matsayin takardar mallaka, to ya kawo ta da dukan shafukanta, har da sharuɗɗan da ke ciki da hukuncin saɓa su. Darasin kuma bai tsaya a kan Isra'ila ba. Duk wata al'umma ko ɗariƙa ko gidan sarauta ko na malanta da ke jin Allah Ya fifita ta, tambayar da labarin nan ya bar mata ita ce yadda baƙo da maraya da mai ƙaramin ƙarfi suke kwana a hannunta.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya kawo wa waɗanda ake zalunta mafita. Sai mako mai zuwa.